Kamarar Bisa Gawo

Maigidana mutum ne mai haƙuri a komai, ban da in ya zauna bayan sitiyari. Aikinsa kula da lafiyar dabbobi. Yana iya tsugunawa awa guda yana lallashin bijimi mai taurin kai har ya samu ya tsira masa allura, yana iya kasa kunne makiyayi ya ba shi tarihin saniya tun daga kan kakarta bai yi hamma ba. Amma da ya murɗa makullin mota, sai ka rantse kura ce ta biyo shi. Shekara da shekaru ya yi yana zirga-zirga bisa moto mai ƙafa biyu tsakanin Dungas, Guci da Dogo-Dogo, yana shan rana yana shan yashi. Ran da Allah ya hore masa wata tsohuwar farar mota 'yar Kwatano, sai ya ɗaura niyyar fanshe duk lokacin da moto ya ci masa.

Motar tana da nata halin. Ƙofar baya ta hagu sai daga waje take buɗuwa, agogon da ke nuna gudu kuwa tun kafin ta zo hannunmu ya daina motsi. Maigida bai damu ya gyara shi ba. Cewa yake direban ƙwarai da kunne yake sanin gudunsa.

Ni malamar lakwal ce a Dungas, wato makarantar boko, shi ya sa yake ce mini Madam, kamar yadda yara da iyayensu ke cewa, sai dai nasa da tsokana a ciki. Na yi masa maganar gudun nan har bakina ya gaji. Na yi da lallashi, na yi da fushi, na kai ƙara wurin yayarsa. Na tuna masa cewa shi ne fa kullum yake gaya wa makiyaya rigakafi ya fi magani. Sai ya yi dariya ya ce to, gobe kuma a koma gidan jiya. Ashe gaskiya ne, wanzami ba ya son jarfa.

Ba tsoron banza nake yi ba. Yayana, wanda nake bi, a mota ya rasu. Direbansu yana sauri su cimma kasuwa, taya ta fashe. Ina cikin aji aka zo kira na. Har yau, in na ga mutum ya tsaya a ƙofar ajina da tsakar darasi yana sunkuyar da kai, sai in ji alli na neman faɗuwa daga hannuna. Abin da nake tsoro guda ne, kada a sake zuwa kira na. Don haka duk ranar da maigida ya tafi kasuwar Guci ko ta Dogo-Dogo duba dabbobi, da la'asar ta yi sai in kasa zama. Sai in yafa mayafi in tsaya a bakin ƙofar gida ina kallon hanya. In maƙwabciya ta tambaye ni, in ce kazata nake nema. Kazar nan ta sha ɓata a bakina, ita kuwa tana cikin akurki abinta.

Abin da bakina ya kasa, jandarma suka fara yi. Wata rana a hanyar Damagaram suka tsayar da shi. Sun kafa wata na'ura mai ƙafa uku a bayan kwana, radar ake ce mata, tana auna gudun mota daga nesa, tana ɗaukar hotonta. Suka nuna masa lambar gudunsa ƙuru-ƙuru, suka ci shi tara, suka ce in ya sake za su riƙe parminsa na tuƙi. Ya dawo gida yana huci. Ba tarar ce ta fi ƙona masa rai ba. Abin da ya ɓata masa shi ne motoci uku sun gifta shi kafin kwanar, babu wanda ya ƙifta masa fitila. A al'adar direbobinmu, in ka wuto jandarma sai ka ƙifta wa ɗan'uwanka mai zuwa fitila sau biyu don ya shiga taitayinsa. Ya ce zumunci ya lalace a ƙasar nan. Ni kuwa ina zuba masa abinci ina yi wa jandarman nan addu'ar gamawa da duniya lafiya, a zuci.

Na zaci darasi ya shiga. Ashe ba gudun zai rage ba, maganin radar zai nema. A majalisarsu wani ya gaya masa akwai wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a gilashin gaba, tun daga nesa take jin kamara ko radar, ta yi maka kuka ka taka birki, in ka wuce ka ci gaba da abinka. Lokacin an gama kaka, an shiga zagayen allurar dabbobi, ba shi da sararin zuwa ko'ina. Ni kuma ina da taron malamai a Magariya. Ya ce in biya wajen taubashina in zaɓo masa wadda ta fi ji daga nesa. Kai ka ji, ni aka aika in sayo masa izinin gudu.

Taubashin nawa ɗan kawuna ne, yana da shago kusa da tashar Magariya, yana sayar da rediyon mota, fitilu, batir da tarkacen wayoyi. Tun muna yara muke jayayya a kan wane ne bawan wani tsakaninmu, har yau ba a yanke hukunci ba. Da ya gan ni ya ce, “Ga baiwata ta zo gaisuwa hannu rabbana.” Na ce masa bawa ya tashi ya ba uwargijiyarsa kujera. Sai da muka gama wannan sannan na faɗi abin da ya kawo ni.

Ya zaro abu uku ya jera bisa tebur. Ta farko baƙa ce, girman sabulun wanka. Ya ce wannan ita ce mai shinshinar radar, amma tana da aibi biyu: in ta ga dama ko ƙarfen rezon waya ta wuce sai ta fasa ihu, kuma in jandarma suka gan ta a gilashi kada maigida ya yi tsammanin za su yi masa sannu da zuwa. Ta biyu ba na'ura ba ce, wayarsa ce, ya nuna mini wani abu da ake sawa a ciki, direbobi suna sanar da juna inda aka kafa radar. Ya ce wannan sai da rezo. Muka dubi juna muka yi dariya, don a wasu wuraren da maigida ke shiga sai ka hau jigawa ka ɗaga waya sama kafin ka ji muryar mutum. Ta ukun 'yar kewayayya ce kamar murfin kwalbar man shafawa, da 'yar fitila guda a tsakiya. Ita da tauraron ɗan Adam take aiki, an zuba mata taswirar duk inda aka kafa kamara. Matsalarta, duk kamarorin da ta sani suna can ƙasashen Turawa. A nan ba ta san kowa ba.

Ya ture ta gefe, ya ce wannan tun bara take shan zama a shago. Abin da kawai ta iya a ƙasar nan, in ka sa mata lambar gudu, duk sanda mota ta wuce lambar sai ta yi ta kuka har ka sassauta. Ya ce wa zai sayi abin da zai riƙa yi masa faɗa.

Na miƙa hannu na jawo ta. Na tambaye shi ko kukan da take yi wa gudu ya bambanta da wanda take yi wa kamara. Ya ce kuka ɗaya ne, fitila ɗaya ce, kore ta koma ja. Ya dube ni, na dube shi. Taubashi ba ya buƙatar dogon bayani.

Daga nan ciniki ya kaure, ba na kuɗi ba, na lamba. Na ce ya sa mata sittin. Ya ce in haka ne gara in saya wa mijina amalanke da jaki. Na ce saba'in, kuma har ga Allah saba'in ɗin nake so. Ya ce a saba'in ba za su kai kwana biyu tare ba, maigida zai wurgar da ita ta taga. Ya ce tamanin, ba ragi. Na tuna halin mutumina, na sallama.

Yana danna 'yan maɓallan ya ce, “Kin san abin da kike yi kuwa? Ƙarya za ki maƙala wa mijinki a gaban mota.”

Na ce, “Rigakafi ne. Shi ma ba ya gaya wa saniya abin da ke cikin allura.”

Takardar bayanin da ke cikin kwalin da Faransanci take, kuma maigida ya fi ni Faransanci. Sai dai na san shi, bai taɓa karanta takardar kayan da ya saya ba, gani yake raini ne. Duk da haka ban yi sake ba. Ina isa gida na ninke ta na sa a ƙasan kwallar da nake ajiye zannuwan biki, inda hannun namiji ba ya zuwa.

Ranar Asabar ya ce in zo mu gwada. In ka fito daga Dungas ta wajen Magariya, akwai 'yar kwana, daga ita hanya ta miƙe ɗoɗar. Can gaba akwai wani ƙaton gawo a bakin gonar wani dattijo, bayansa kaɗan kuma burtali ya ratsa hanya, inda shanu ke tsallakawa zuwa rijiya. Muka sha kwanar, maigida ya taka mota, tana ta ɗaukar wuta. Muna kawowa daidai gawon sai fitila ta yi ja, na'ura ta fara, ƙit-ƙit-ƙit-ƙit. Ya ɗaga ƙafa, ya taka birki, ta yi shiru. Ya waiga ya dubi bishiyar ta taga, baki buɗe.

Ya ce, “Madam, kin gani? A kan gawo suka ɓoye ta.”

Na ce ikon Allah. Na juya fuska wajen tagata ina kallon karan gero, don in na dube shi asiri zai tonu tun ranar farko.

Abin da ya faru ba wani sihiri ba ne. Motar ɗaya ce, ƙafar ɗaya ce, kwanar ɗaya ce, don haka kullum a daidai gawon nan take cika tamanin. Ya gwada gobe, ta yi kuka a wurin. Ya gwada jibi, haka. In kuwa ya wuce a hankali, bayan garke ko bayan kamyo mai ɗauke da kaya, ba ta cewa uffan. Wannan ma ya samo masa bayani da kansa: kamarar ba ta ɓata lokacinta a kan mai ladabi, sai ta hango mai gudu take buɗe ido, shi ne na'ura ke ji. Ni da nake koyar da yara, ban taɓa samun ɗalibin da ya iya kare kuskure kamar mijina ba.

Kafin wata ya ƙare ya gano wasu kamarorin. Akwai ɗaya a hanyar Guci kusa da wata kuka, akwai biyu kafin Dogo-Dogo. Duk inda hanya ta yi kyau har mota ta samu sakewa, to gwamnati ta riga shi zuwa. Ya riƙa jinjina wa hukuma, yana cewa mutanen nan shiru-shiru ne amma suna aiki. Tafiyar da yake yi a guje ya koma yin ta kamar mai ɗauke da ƙwai. Ni kuwa na samu barci, kazata ta daina ɓata.

Da abin ya tsaya tsakanina da shi, da sauƙi. Amma maigidana ba ya iya cin alheri shi kaɗai. Ya kai labari majalisa, daga majalisa ya isa tasha. Direbobin da ke jigilar 'yan kasuwa suka riƙa zuwa takanas suna tambayarsa wuraren, yana zana musu a ƙasa da tsinke. Wasu suka shiga motarsa don gani ya kori ji, suka ji kukan da kunnensu a daidai gawon, suka fito suna girgiza kai. Ba a jima ba, kowace mota ta zo wurin sai ta lafa. 'Yan kabu-kabu ma, waɗanda ba su san akwai birki a jikin moto ba, suka koyi ladabi. Na taɓa ganin wani a bayan amalanke ya gyara zaman hularsa da suka zo gifta bishiyar, wai kada hotonsa ya je Yamai a karkace.

Wanda ya fi kowa cin riba shi ne dattijon mai gona. Kowa ya san darajar 'ya'yan gawo da rani, lokacin da ciyawa ta ƙare, awaki da tumaki ba su da abin da ya fi su. Shekara da shekaru yana fama da masu zuwa da dogon sanda su kakkaɓe masa bishiya kafin ya fito. A ranin nan ko ɗaya ba a taɓa ba. Wa zai yi sata a gaban kamara? Ya tara buhu-buhu, har ya aiko wa maigida da zakara don godiya, wai shi ya tona wa jama'a abin da ke wurin. Ni na fige zakaran nan, na dafa, na ci, amma da ƙyar ya wuce mini. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa kam ta yi, har an ɗura a buhu.

Da damina ta kama sai hankalina ya tashi, don gawo ba kamar sauran itatuwa ba ne, da ruwa ya sauka yake zubar da ganye ya tsaya tsirara. Na ce shi ke nan, yanzu kowa zai ɗaga kai ya ga babu komai. Aka ɗaga kai kuwa, aka duba reshe-reshe. Sai aka dawo da labarin cewa kamarar zamani ba ta wuce ƙwayar wake ba, wasu kuma suka ce sheƙar tsuntsun da ke can ƙololuwa ba sheƙa ba ce. Ni dai ba a tambaye ni ba.

A nan ne dariyar ta fara yi mini ɗaci. Na lura mijina ya zama mai faɗa a ji a kan maganar. Dattawa suna kafa hujja da shi, suna cewa ai malamin dabbobi ya tabbatar, shi kuwa ba ya ƙarya. Gaskiya ne ba ya ƙarya, ni na yi masa. Na riƙa tunanin ranar da abin zai fito, yadda 'yan tasha za su mai da shi abin nishaɗi, mutumin da matarsa ta sa shi gaida bishiya. Mutum mai shekaru, mai aikin hukuma. Na san zai iya yafe mini ƙaryar, amma ban san ko zai iya yafe dariyar ba. Kuma na san da ya gano, zai cire na'urar ya koma gudunsa, har da na huce haushi. Sau biyu ina buɗe baki in faɗa masa, sau biyu ina tuna ƙofar ajina in haɗiye.

Taubashina bai taimaka ba. A wani suna da aka yi a gidan kawuna, duk sanda na gifta ta gabansa da tiren abinci sai ya ce ƙit-ƙit-ƙit a hankali, ya ci gaba da cin goronsa. Maigida na zaune kusa da shi. Na harare shi har idona ya yi ciwo. Da na samu na keɓe shi na ce in ya sake zan gaya wa matarsa abin da ya yi da akuyar kakarmu muna yara. Ya ce shi bai ce komai ba, haƙori yake sakacewa.

Haka muka ci shekara ɗaya da 'yan watanni. Sai bazara ta zo da zafinta, irin wanda kujerar mota ke ƙona mutum ta cikin riga. Wata ranar kasuwa maigida ya bar motar a rana tun hantsi har la'asar yana duba raƙuma. Da ya dawo, 'yar na'urar ta kumbura, fitilar ta mutu. Ya kawo ta gida a tafin hannu kamar ɗan tsakon da shaho ya yar. Na yi maza na ce zan je Magariya ran Asabar in sayo wata. Ya ce in huta, gobe yana da aiki a can, zai biya wajen taubashin nawa ya zaɓa da kansa.

Da safe, kafin in shiga aji, na kira taubashi na ce ya rufa mini asiri ya sake yin yadda muka yi. Ya ce shi ƙarya sau ɗaya yake yi wa suruki, ta biyu sai da lada, kuma ga masu saye sun zo. Ya kashe waya yana dariya. Ranar nan na koyar da lissafi, yara suka gyara mini kuskure sau uku a allo. Da la'asar na sami kaina a bakin ƙofa da mayafi. Maƙwabciyata ta leƙo ta ce, kazar ce kuma? Na ce ita ce.

Ya dawo lafiya, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Na leƙa motar, ga wata 'yar kewayayya a gilashi irin waccan sak. Ya ci abinci, ya yaba miya, ya ba ni labarin wani bijimi da ya karya turke. Maganar na'ura ko ɗaya. Ni ma na yi gum. Kwana uku muna haka, ina auna kowace kalmarsa, ban samu komai ba.

Ran Asabar muka shirya zuwa Kwaya gaida innata. Muka fita da hantsi, muka sha kwanar, hanya ta miƙe. Ina hango gawon can gaba, ya yi ganye shar, na riƙe bakin mayafina. Na ce a raina in muka wuce shi na'urar ba ta yi kuka ba, to ya sani, kuma ya zaɓi gudunsa. Ba mu kai ko kusa da shi ba, da sauran tafiya mai dama, sai fitila ta yi ja, ƙit-ƙit-ƙit. Ya ɗaga ƙafa, ta yi shiru.

Ya ce, “Da alama an matso da kamarar.”

Na dube shi. Idonsa na kan hanya, amma gefen bakinsa na rawa. Na ce, “Malam, tun yaushe?”

Ya ce tun wata na biyu. Ya je Damagaram, ya wuce jandarma da radar ɗinsu a tsaye ƙiri-ƙiri a bakin hanya, na'ura ba ta ce komai ba. Can gaba, a fili fetal inda ko kaba babu, ta fasa kuka. Da ya dawo ya koma hanyar Magariya shi kaɗai ya yi ta gwaji, gaba da baya, har ya gane. Ya ce shi da yake gano ciwon saniyar da ba ta magana, 'yar wannan ce za ta gagare shi? Ya ce ranar ya yi fushi ƙwarai, ya juyo gida da niyyar mu yi ta. Da ya kawo gawon sai ya tarar da garke yana tsallaka burtali, ga wata motar kasuwa maƙare da mutane ta lafa tun daga nesa saboda tsoron bishiya, shanu suka wuce lafiya. Ya ce a nan ya fara hucewa.

Na ce to me ya hana ya gaya mini, ya bar ni ina cin zakara da fargaba.

Ya ce, “Da na iso gida ban tarar da ke a bakin ƙofa ba. Kina ciki kina yi wa yara tatsuniya, kina dariya. Tun da na sayi motar nan, kafin zuwan na'urar, ban taɓa dawowa daga kasuwa na tarar da ƙofar ba kowa ba. Na san ba kaza kike nema ba, Madam. Ni na ɗauki gawar yayanki tare da mutane, ban manta ba. Wauta ce kawai irin ta mai sabuwar mota.”

Na ji kunya, na ji daɗi, na ji haushin wata goma sha wani abu da na yi ina ɓoye abin da mutum ya riga ya sani. Muka zo daidai gawon a hankali. Dattijon yana gindinsa yana tsintar 'ya'ya a kwando, maigida ya ɗaga masa hannu, ya ɗaga mana.

Da muka tsallake burtali, na tambaye shi me ya sa yau ta yi kuka da wuri haka.

Ya ce, “Taubashinki ya ce saba'in kika fara nema, shi ya hana. Na ce ya ba ki abinki.”

Na ja mayafi na rufe fuska, na fashe da kuka. Bai ce in yi shiru ba, bai kuma kunna rediyo ba. Muka isa Kwaya bayan azahar, inna ta ce mun yi latti, fura har ta fara tsami.